Kyandir Mai Lamba Hamsin

Duk wanda ya nemi aure a gidan Malam Abdulmumini na Safana, sai Gwaggo Jinjiri ta je ta ga gidansa kafin a ba shi amsa. Ƙanwar Malam ce ciki ɗaya, kuma tun da aka fara aurar da 'ya'yan gidan ita ake aikawa. Ba ta faɗin ranar zuwanta. Sai dai a ce tana nan tafe cikin satin nan, mutum ya yi ta shara yana leƙen ƙofa. Har Batsari an san labarinta. An ce ta taɓa watsa maganar wani babban ɗan kasuwa saboda ta ɗaga moɗar randarsu ta ga gansakuka a gindinta. Ba ta ce da kowa komai ba, ta yi sallama da fara'arta, washegari aka mayar masa da goronsa.

Daudu Tela ya san wannan labari sarai. Shi ya sa da Nana Hadiza, ɗiyar Malam, ta faɗa masa a waya cewa Gwaggo na tafe, ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Ya haura arba'in, matarsa ta rasu a shekarun baya, daga shi sai mahaifiyarsa Inna Zuwairatu a gidan da suka kama a Batsari tun da zaman ƙauyensu Yasore ya yi wuya. Ita ma Nana Hadiza mijinta ya rasu, tana gidan ubanta tana tuyar ƙuli-ƙuli. Ba yara ba ne, sun riga sun daidaita tsakaninsu. Amma ta faɗa masa ƙarara cewa ita ba ta tsallake maganar Baffanta, wato Malam, shi kuwa Baffa ba ya tsallake maganar Gwaggo.

Gidan Daudu ba shi da abin kunya. Inna mace ce mai tsafta, tukwanenta na ƙyalli, tsakar gida kamar an lashe. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, matacin ruwa.

Ƙanensa da ke aiki a Katsina ne ya kafa shi bayan Inna ta yi doguwar jinyar ciki. Tanki ne a kan dakali, 'yan ga-ruwa ke cika shi. Bututu ya fito daga gindinsa, ya ratsa ta cikin wata kwalbar roba garai-garai da aka ɗaure a bango, sannan ya kai ga kan famfo, wanda shi kaɗai ne a gidan. A cikin kwalbar akwai wani abu mai kama da ƙaton kyandir, haka ma kowa ke kiransa. Shi ke riƙe laka da yashi, ruwa ya wuce. In sabo ne fari ne tas. To amma damina ce, ruwan rijiyoyi ya yi ja, kyandir ɗin da ke ciki ya koma kalar tukunyar ƙasa, ruwa ma da ƙyar yake tsiyaya. Ga shi kuma yana daidai inda mai shigowa daga zaure zai fara sauke ido.

Inna ta ce a cire mata shi ta wanke da omo ta sa masa bula. Daudu ya ce ba a wanke shi, sai dai a canza. Ta ce to ya hanzarta, don in matar nan ta ga wannan abu a bango, za ta koma Safana ta ce kwata suke sha.

Ya hau babur ya nufi shagon Abdurrahim mai kayan famfo. Abdurrahim ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, don haka tun suna yara ba su taɓa yin magana ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Ya ɗauko kyandir iri biyu ya ajiye a kan kanta, dukkansu farare, ido ba ya bambance su sai an duba lambar da ke jikin leda. Ya ce mai lamba biyar shi ne irin wanda ke gidan, ƙofofinsa ƙanana ne, yana kama har laka mai laushi, shi ya sa a irin ruwan nan kafin ka ankara ya rine. Mai lamba hamsin kuwa ƙofofinsa manya ne, yashi kawai yake tarewa, laka ta wuce abinta. Masu lambu ne ke sayensa don kada bututunsu ya toshe.

Daudu ya juya wannan, ya juya wancan, sannan ya tambaya kamar ba da wata manufa ba, wanne ne ya fi daɗewa da farinsa.

"Wanda ba ya aiki," in ji Abdurrahim. "Kamar kai. Ka taɓa ganin hularka ta yi datti?"

Daudu ya ci gaba da juya mai lamba hamsin. Abdurrahim ya dube shi, ya dubi kyandir ɗin da ya riƙe, sai ya fara murmushi. Labarin zuwan Gwaggo ya riga ya zagaya dangi.

"Ango, wai ruwa kake son tacewa ko Gwaggo Jinjiri?"

Daudu ya ce ya naɗe masa mai lamba hamsin kawai ya rufe baki. Abdurrahim ya ce ya haɗa da mai lamba biyar mana, ya ajiye. Ya ƙi. Mace da ke ɗaga moɗa, in ta ga wani kyandir a ɗaki ai sai ta tambayi dalili.

Akwai mutanen da ke aikata abin da bai dace ba su wuce, ko a jikinsu. Daudu ba ya cikinsu. Shi ba ya iya karkata sai ya fara gina wa karkatar hujja, ya yi mata ginshiƙi da rufi. A kan hanyar gida ya gina ta. Ƙarya dai da baki ake yin ta, shi kuwa ba zai buɗe baki ba. Ba wanda zai cutu, don zai sayo wa Inna fiya wata ta riƙa sha, ruwan girki kuwa dama wuta yake hawa. Gwaggo ba za ta sha ba, wannan ko shakka babu. Bafulatana ce, kuma suruka za ta zama, ko ƙishirwa za ta kashe ta ba za ta kai moɗa baki a gidan mai neman ɗiyarta ba. Da ta juya baya zai mayar da mai aiki.

Sai kuma hujjar da ta fi yi masa daɗi. Kyandir ɗin da ya yi ja, ja ya yi saboda ya hana laka shiga cikin mutane. Wanda ya gan shi ya ce ƙazanta ne ya yi kuskure. Ashe ke nan shi Daudu ba yaudarar Gwaggo zai yi ba, kuskuren da za ta yi ne zai tare mata tun kafin ta yi shi. Wannan tunani ya burge shi har ya ƙara wa babur wuta. Ni dai na lura cewa hujjar da mutum ya fi jin daɗinta ita ce ya kamata ya fi zargi, amma wannan sai a zaune ake ganewa, ba a kan babur ba.

Ya rufe makunnin gindin tanki, ya buɗe famfo sauran ruwa ya tsiyaye, ya sa sifanar roba ya kwance kwalbar. Ya zubar da jan ruwan, ya wanke ta, ya duba zoben robar bakinta bai tsage ba, ya zura sabon kyandir ya ɗaure. Tsohon ya kai shi juji ya tura cikin toka. Da ya buɗe ruwa sai ga shi yana zuba da ƙarfi kamar ba gidan ba. Ya ɗan yi hazo-hazo, amma sai wanda ya san abin da yake nema zai gani.

Kwanaki suka shige, kyandir na nan fari sol. Inna ta raɗa masa suna amaryar bango, wai ga kyau ga hutu. Ita kuma tana ɗaki tana fama da ledar fiya wata, da ta ji sallama sai ta tura ta ƙarƙashin katifa.

Gwaggo Jinjiri ta iso wata rana da hantsi a bayan ɗan acaɓa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce siririya, da farin mayafi da wata tsohuwar jaka a hammata. Ta ce wai dubiya ta zo yi cikin gari, ta ga bai kamata ta wuce ba ta gaida Inna ba. Aka aika shago aka kira Daudu. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna nesa da tabarma, kai a ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da damina da mutanen Safana da dabbobi, aka koma aka sake daga farko. Inna ta kawo fura da ruwa. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, a ƙoshe take, ko murfin kwanon ba ta taɓa ba. Daudu ya ji wani sanyi a ransa.

Can ta nemi buta. Hanyar ban-ɗaki a gidan gajeruwa ce, amma ita sai da ta bi ta ƙofar madafa, ta bi ta wurin wanke-wanke, ta shafa igiyar shanya. Da ta dawo ta tsaya a gaban kwalbar bango tana kallo. Inna ta taso ta yi mata bayani, murya har da rangaji. Gwaggo ta ce ta taɓa ganin irinsa a wani gida a Safana, amma nasu kamar an tsamo shi daga kududdufi. "Naku kuwa tas," ta ce.

Daudu bai buɗe baki ba, kamar yadda ya yi wa kansa alkawari.

Sai ta koma tabarma ta zuge jakarta, ta fito da wata farar jarka. Ta ce yayanta Malam tun farkon damina cikinsa ba ya zama lafiya, a asibiti an ce a kula da ruwan da yake sha, rijiyarsu kuwa ta yi ja, ko an tafasa sai ya ce ƙasa yake ji a harshe. Tunda Allah ya kawo ta gidan da ake tace ruwa da inji, bari ta ɗibar masa. Ba ta miƙa wa kowa jarkar ba. Da kanta ta buɗe murfi ta nufi famfo.

Cikin taku kaɗan da ta yi, Daudu ya ga komai. Ya ga jarkar ɗaure a bayan babur har Safana, ya ga an ajiye ta a ɗakin Malam, ya ga laka ta kwanta a hankali ta ja jan layi a gindin farar roba, a gaban Baffa da Nana Hadiza da duk wanda ya zo dubiya. Ya kuma ga tsoho mara lafiya ya ɗaga kofi ya sha da bismillah, don an ce masa daga gidan mai inji ne. Daga baya ya sha zama ya tambayi kansa wanne ya fara gani, layin ko kofin. Bai taɓa samun amsar da ya yarda da ita ba.

"Gwaggo, a ɗan dakata."

Ta tsaya, hannu a kan famfo, ba ta waiwayo ba.

Ya ce kyandir ɗin sabo ne, kuma sabo ba a shan ruwansa na farko sai an zubar. Wannan gaskiya ce, haka ake yi, sai dai ba ita ce gaskiyar da ake bukata a wurin ba. Ya ƙara da cewa akwai kuma wani iri na musamman da ya fi dacewa da mara lafiya, yanzu zai karɓo shi a kasuwa. Gwaggo ta ce to, amma ya san hanyar Safana, ita ba ta bari la'asar ta same ta a kanta.

Abdurrahim na hango shi ya shigo layin da gudu ya gyara zama. Ya tarbe shi da gaisuwa irin ta wanda aka shekara ba a gani ba. Ya tambayi Inna, ya tambayi keken ɗinki, ya tambayi zare da allura ɗaya bayan ɗaya. Da Daudu ya ce lamba biyar, maza, sai ya ce ai ya ƙare, masu tsoron Allah sun saye. Daudu ya nuna masa shi ga shi can a kan kanta. Abdurrahim ya ce wannan na ubangida ne, wato shi, sai dai in bawa ya roƙa da ladabi. Tsohon wasansu ne, kowa na cewa shi ne ubangida, kuma Daudu bai taɓa sallamawa ba tun suna tsallaken kwata. Ga mutane zaune a benci sun baza kunne.

"Kai ne ubangidana," in ji Daudu, ƙasa-ƙasa.

"Kunnen nan nawa na hagu ya daɗe da lalacewa."

Ya maimaita da ƙarfi, 'yan benci suka shaida, aka miƙa masa kyandir. Yana tada babur Abdurrahim na cewa a gaida Gwaggo, a ce mata in tana neman mutumin kirki a dangin, ga shagonsa.

Da ya koma gida, ya so ya yi canjin a gaggauce yana ba Gwaggo baya, amma ya tarar ta jawo kujerar tsuguno har gindin bango ta zauna. A gabanta ya rufe makunni, ya kwance kwalba. Ɗan yashi ne kawai a ƙasanta, bai cika cokali ba. Ya zaro mai lamba hamsin zai ajiye a gefe, ta miƙa hannu, dole ya ba ta. Ya sa sabon ya ɗaure, ya tara bokiti ya zubar da ruwan farko, sannan ta kafa jarkarta.

Ruwan ya fito siriri, garau kamar hawaye. Da safen nan 'yan ga-ruwa suka cika tankin, sun tayar da duk lakar da ta kwanta a ciki. Tun jarka ba ta yi nisa ba farin kyandir ya fara sauyawa. Ya yi kalar madara, ya koma kalar shayin da aka zuba wa madara, yana ƙara duhu a kan idon kowa. Inna ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta shige madafa.

Gwaggo ta dubi na bango, ta dubi na hannunta, ta sake duban na bango.

"Malam tela, wanga na hannuna, yaushe aka sa shi?"

Ya ce tun farkon sati.

"Ruwan nan ne ke bi ta cikinsa?"

Ya ce shi ne.

"Wancan ko rabin jarka bai yi ba ya rine. To shi wanga mi yake yi tun farkon sati?"

Daudu ya leƙa cikin kansa ya nemi hujjojin nan da ya gina a kan babur. Suna nan dukkansu, amma ba wadda ta yarda ta fito ta tsaya a gaban tsohuwar. Ya sunkuyar da kai yana kallon sifanar da ke hannunsa.

"Ke yake jira, Gwaggo."

Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Kafaɗunta suka ɗan motsa, ba ya iya cewa dariya ce ko fushi, kuma ba shi da damar ɗaga ido ya duba. Da ta sauke mayafin fuskarta na nan yadda take. Ta tambaya, to ita baiwar Allah da ke gidan mi take sha duk kwanakin nan? Daga madafa Inna ta amsa cewa fiya wata, kuma ta gaji da yagar leda da haƙoran da ba ta da su.

Can jarka ta cika. Gwaggo ta ɗaga ta saitin rana ta duba, ta rufe. Ta jingine farin kyandir a bango, ta yi wa Inna sallama mai tsawo, da godiyar furar da ba ta sha ba. Daudu ya ɗauki jarkar ya kai waje ya ɗaure wa ɗan acaɓa da kansa, ya ja igiyar ya sake ja. Sai da ta hau ta gyara mayafi sannan ta yi magana, tana kallon hanya.

"Ni abin da na gani nake faɗi, ban ragewa, ban ƙarawa. Na shiga gidaje da yawa an ɓoye mini ƙazanta. Yau ne na shiga inda aka ɓoye mini tsafta."

Babur ya tashi. Daudu ya tsaya a ƙofar gida yana juya maganar, ya rasa ko goronsa ne zai dawo ko kuwa.

Washegari yana shago, ya sa rigar wani a keke amma ɗinki ya ƙi tafiya, sai ga wayar Nana Hadiza. Ko gaisuwa ba ta gama ba dariya ta ƙwace mata. Ta ce Gwaggo ta tara gidan kaf ta ba da labari, har da kwaikwayon tsugunonsa da yadda ya riƙe sifana. Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da aka nemi hukuncin Gwaggo, ta ce mutumin yana ƙarya, wannan ba ta ɓoye ba, amma ƙaryarsa ba ta da dogon numfashi, tun ba a kore ta ba take zama ta huta. Baffa ya sa aka ɗaga masa jarkar ya duba gindinta, ya sha, ya ce a faɗa wa tela ya turo magabatansa.

Daudu ya yi hamdala. Yana shirin yin ta biyu ta katse shi.

"Saura tawa tambayar. Da Gwaggo ba ta fito da jarkar nan ba, yaushe zan san wannan labari?"

Amsoshi masu daɗi sun zo masa, har guda nawa, kowace da kwalliyarta.

"Da ba ki sani ba," ya ce.

"Haka na ce wa Gwaggo," in ji Nana Hadiza. Ta ce ba komai, ita ma ta fara koyon zuwa ba sanarwa, kuma gida ɗaya za su zauna.

Ya tambaye ta abu ɗaya, don Allah ta faɗa masa gaskiya: jarkar nan, don Baffa aka ɗauko ta tun daga Safana, ko tarko ce aka ɗana masa? Ta ce man ƙulinta na ƙonewa, ta kashe waya.

Ya zauna da wayar a hannu yana auna abin ta nan, yana auna shi ta can. Sannan ya taka keke da ƙarfi, ransa fes, bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen layi, ya ɗaga rigar ya ga ya ɗinke bakin aljihun ruf.